Kabarin da Aka Auna da Tsawona

Asabar, bayan la'asar

Jiya da hantsi suka bugo waya. Ina shago, hannuna dumu-dumu da baƙin mai, na baje injin ban-ruwan wani mutumin Marnona. Wata murya da ban sani ba ta tambaya ko ni ne Rilwanu, wan Kofur Ƙasimu. Na ce ni ne. Mai wayar ya ce in yi haƙuri. An kashe ƙanena a daji, can gabas, a wurin da bai ga damar faɗin sunansa ba. Na rubuta sau ɗaya ke nan, ba zan sake ba.

Ya ce gobe za a kawo shi gida Wurno. Goben ita ce yau. Don haka tun da sassafe Baffa Maccido, ƙanen marigayi Baba, ya ce a je a haƙa, kada a kawo shi ya tarar ba mu shirya ba. Masu haƙa suka ce a ba su awo. Mu nan kara ake ɗorawa a jikin mamaci, a karya daidai tsawonsa, a kai musu. To, ga kara an zaro daga danga, ba wanda za a ɗora wa. Aka tsaya ana kallon-kallo. Can Baffa ya dube ni ya ce ai ni da Ƙasimu tsawonmu ɗaya, tun muna samari rigunan juna muke sawa. Na kwanta a tabarmar zaure, aka jera mini karan daga ka har dugadugai, aka karya. Ban ji komai ba a lokacin. Fiddausi matata ta leƙo ta gan ni miƙe, ta saki labule ta koma. Tun ɗazu ba ta yi mini magana ba.

An gama haƙa kafin azahar. Mota ba ta zo ba.

Lahadi, hantsi

Mutane sun cika ƙofar gida. Har daga Rabah da Goronyo an zo, duk da halin da hanya take ciki. Maza a waje suna Allah ya jiƙansa, muna amin. A cikin gida kuwa Inna ta hana a shimfiɗa tabarmin gaisuwa a ɗakinta. Duk wadda ta shiga ta ce mata Allah ya jiƙan Ƙasimu, sai ta kau da kai ta ce, "Sai ya zaka."

Wata mai dogon baki ce ta gaya mata wai soja a akwati ake rufe su, rigingine, da takalmi a ƙafa. Ban san wace ce ba, Allah ya taimake ta ban sani ba. Na shiga in lallashi Inna. Tana zaune a bakin gado da carbi, ba hawaye ko ɗigo.

"Ban roƙi kowa komi ba," ta ce. "Ban ce su biya ni ba. A kawo mani ɗana, a kwantar da shi bisa damatai, huskatai gabas, awa ubanai. In anka yi haka, sai in amsa gaisuwa."

Na ce za a yi, Inna. Da bakina na faɗa, kuma Fiddausi tana tsaye ta ji.

Litinin, magariba

Na kira lambar. Wai gobe.

Laraba, bayan isha'i kaɗan

Yau na je Sakkwato da kaina, ofishin sojojin. A ƙofa na tarar da wani tsohon Bafulatani, Sajo, daga wata ruga kusa da Shinaka. Shi ma ɗansa a rana ɗaya da namu, a daji ɗaya. Masu gadi sun sa shi ya cire malafa, sun zazzage jakarsa a ƙasa, sun karɓe sandarsa, suna tambayarsa wa ya aiko shi. Ni ko aljihuna ba a taɓa ba. Tsohon yana ta tsince goronsa daga ƙasa yana cewa ɗanai soja na, ɗanai soja na. Da na sa baki aka ce ko ni ma ina son in tsaya a rana.

Wani hafsa matashi ya saurare mu, mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce suna nan a ɗakin sanyi, ana kula da su. Ya ce jarumai ne, ba za a miƙa su haka nan kamar kaya ba, sai an yi musu fareti, an karrama su a gaban jama'a. Ana jiran wani babba ya sa rana. Na ce mu a wurinmu karrama mamaci a gaggauta rufe shi. Ya ce ya sani, shi ma Musulmi ne, amma umarni ne daga sama. Na ce to a nuna mini shi. Ya duƙar da kai ya gyara biron da ke gabansa, ya ce ba yau ba.

A waje Sajo ya tambaye ni ko mun haƙa. Na ce tun Asabar. Ya ce shi bai san inda zai haƙa ba, rugarsu an tashi tun bara, kowa ya kama gabansa. Wataƙila a Goronyo, wurin wani ɗan'uwansa. Ya ɓalle goro ya ba ni rabi.

Juma'a, bayan masallaci

Daren jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da asuba na wuce maƙabarta. Kabarin ya cika fal, gefen kudu ya rufta, har da kwaɗi a ciki. Na shiga da bokiti na kwashe, na gyara gefen da shebur. Ƙaramin ramin ciki, inda ake kwantar da mutum, na bi shi da hannu na kwashe laka. Ina ciki na lura daidai tsawona yake. Masu haƙa sun iya aikinsu.

Na ɗauko tsofaffin kwanon rufi daga shago na rufe bakin, na danne da duwatsu.

A hanyar dawowa tsofaffin matan unguwa suka yi shiru da suka gan ni da laka har ƙugu. Na san abin da ake faɗa. Wai kabari ba ya zama baki buɗe a banza, sai ya kira wani, kuma kowa ya san da wa aka auna shi. Liman Abdulƙadiri ya ce camfi ne, ajali ba ya bin kara. Na yarda da shi. Amma mutumin da ya saba kawo mini injinsa duk shekara, yau na hango shi ya kai wa wani.

Asabar, hantsi

An yi sadakar bakwai. Bakwai ɗin me? Gumba aka daka, aka raba wa yara, aka yi addu'a, kowa ya ɗauki fartanyarsa ya nufi gona. Ba na ganin laifin kowa, damina ba ta jiran mai makoki. Tabarmin ƙofar gida sun koma biyu, ni da Baffa da ƙudaje.

Inna kunu kawai take sha, shi ma sai Fiddausi ta tsaya a kanta.

Talata, bayan la'asar

Yau na yi faɗa da mutane biyu, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba.

Wani dattijo ya rasu a bayan layinmu. 'Ya'yansa suka zo suka durƙusa gaban Baffa, suka ce ƙasa ta jiƙe, haƙa da wuya, tunda ga namu a shirye a ba su, in namu ya iso sai su haƙa mana wani. Haka ake yi, ba su zo da rashin kunya ba. Baffa har ya fara gyaɗa kai. Na ce ba za a taɓa shi ba. Baffa ya ce, "Rilwanu, ƙasa duk ta Allah ta." Na ce na sani, Baffa, amma ran da Inna ta ji an ba da wurin Ƙasimu, ran nan za ta san mun cire rai. Su haƙa nasu. Suka tashi ba sallama. Na bi su da shebur na taya su haƙa, ba wanda ya ce mini sannu.

Da na dawo Fiddausi ta tare ni a tsakar gida. Ta ce da na bari an rufe ramin nan da ta samu barci. Ta ce kullum na fita da babur sai ta ji gabanta yana faɗuwa har in dawo. Na ce ashe karatun Islamiyyarta a bakin ƙofa ta bar shi. Ta ce, "Kai ba ka ga kanka ba sadda kana kwance. Ni na gani." Na ce mata ta tafi ta ba ni wuri. Wannan ɗin wataƙila na yi nadama kaɗan.

Laraba, magariba

Wai babban ya yi tafiya.

Juma'a, bayan la'asar

Na yi waya da Rahinatu, matar Ƙasimu. Tana gidan iyayenta a Gandi, can labari ya same ta, can take takaba. Su ma an kira su, wai ana son ta zo ranar fareti ta karɓi tuta da hannunta, a ɗauki hoto. Mahaifinta ya ce mai takaba ba ta zuwa taro, balle a hanyar Gandi da ko masu kasuwa sai sun yi shahada suke bi. Da aka matsa ya ce in suna son ta su zo da motarsu su ɗauke ta. Ba a sake kira ba.

Ta tambaye ni ko na gan shi. Na ce tukuna. Sai ta ce in gaishe da Inna.

Ƙasimu ya taɓa ce mini, lokacin da ya zo hutu, abin da ya fi ba shi haushi shi ne yana can yana gadin garin wasu, mu nan muna kwana da takalmi a ƙafa. Ya faɗa yana dariya, yana cin ɗanwaken Inna da hannu biyu. Na ce masa to ya nemi a dawo da shi gida mana. Ya ce soja ba ya zaɓen inda zai tsaya. Ashe ko inda zai kwanta ba ya zaɓa.

Lahadi, hantsi

Ruwa. Na kwashe.

Talata, hantsi

Ruwa kuma. Kwanon ya fara tsatsa, gefen kudu ya sake zubewa. Na kwashe, na gyara.

Inna ba ta fito alwala da kanta ba yau, a ɗaki aka kai mata buta. Liman ya shigo ya yi mata nasiha, ya ce shahidi duk inda ya kwanta Allah ya karɓe shi, ta amsa gaisuwar mutane ta samu lada. Ta saurare shi har ya gama. Ta ce Malam ya yi gaskiya, amma Rilwanu ya yi mata alkawari. Liman ya dube ni. Na dubi ƙasa.

Laraba, bayan azahar

An sa rana. Gobe. A wannan karon har a rediyo aka faɗa, da kiɗan badujala a baya. Jarumanmu za su dawo gida, in ji mai sanarwa. Ihu bayan hari.

Na sayo likkafani, na sa an yanka shi da awon nan dai.

Alhamis, kafin magariba

Fili ne babba a Sakkwato, an kafa rumfuna. Manya a inuwa a kan kujeru masu laushi, mu iyalai a gefe a kan na roba, rana tana dukan rabinmu. Akwatuna a jere, kowanne an lulluɓe da tuta. Ban ƙirga ba. Muka zauna tun hantsi har azahar ta gota kafin babban ya iso. Ya yi magana mai daɗi, wallahi mai daɗi. Ya ce jininsu ba zai tafi a banza ba. Ya ce ƙasa ba za ta manta da su ba. Da ya zo kan sunan ƙanena sai ya ce Kasim, ya wuce.

Baffa ya karɓi tuta a ninke, aka ce ya juyo ya dubi mai hoto. Sajo yana kusa da ni, an ba shi aron kujera amma a ƙasa ya tsuguna. Da aka kira shi ya tafi da hannu biyu a buɗe, ya karɓa, ya tsaya yana juya ta, bai san abin da zai yi da ita ba. Ya dawo ya tambaye ni a hankali ko da ita ake rufe yaron. Na ce a'a, ta ajiyewa ce. Ya cusa ta a jakar goro.

An ce yamma ta yi, hanya ba kyau, sai gobe za a rarraba su gidajensu. Masu bindiga a hannu ne suka ce hanya ba kyau. Ni da Baffa a kan babur muka biyo ta.

Juma'a, bayan la'asar

An kawo shi.

Zan rubuta yadda aka yi, daki-daki, don kar in tsaya inda bai kamata ba.

Motarsu ta iso ana fitowa daga masallaci, don haka aka samu jama'a, har fiye da ranar farko. Akwati ne na katako mai sheƙi, an ɗaure murfin da kusoshi. Hafsan nan mai ladabi ya ja ni gefe ya ce don Allah kar a buɗe, umarni ne, kuma shawara ce ta ɗan'uwa. Liman ya ja salla a ƙofar gida. Muka ɗauka. Ina gaba ta dama. Na sha ɗaukar Ƙasimu, na goya shi yana yaro, na yi kokawa da shi yana saurayi, na san nauyinsa. Wannan bai kai nauyinsa ba. Na dubi Baffa a ɗaya gefen, shi kuwa bai dube ni ba.

A maƙabarta aka ga abin da ba wanda ya yi tunaninsa duk makwannin nan. Ramin ciki na mutum ne a kan gefensa, faɗinsa bai wuce taƙin hannu ba. Akwati ko kusa ba zai shiga ba. Hafsan ya ce a faɗaɗa. Masu haƙa suka ce tunda suke ba su taɓa haƙa wa akwati ba. Ana cikin wannan sai hafsan ya ce bari su yi nasu su gama, tunda suna da sauran wanda za su kai Goronyo. Aka busa bigila. Sojoji suka jeru, suka ɗaga bindigogi sama.

Ba wanda ya gaya wa garin za a yi harbi.

A Wurno, a shekarun nan, in aka ji bindiga ta tashi a bayan gari ba a tsayawa tambaya. Karo na farko jama'a suka dare. Karo na biyu na ji ihun mata daga cikin gari, ana kiran sunayen yara. Kafin na uku maƙabarta ta zama wayam, sai takalma da huluna a kan kaburbura. Wasu sun faɗa cikin gero, wasu sun nufi fadama. An ce wata mai ciki ta faɗi a bakin rijiya. Har masu haƙa sun jefar da diga. Sojojin suna tsaye ƙyam, sun yi abinsu daidai yadda aka koya musu. Hafsan ya sara wa akwatin, ya sara wa Baffa, ya ba mu haƙuri, ya duba agogo. Suka tafi.

Muka rage mu uku, ni da Baffa da Liman.

Baffa ya ce, "Rilwanu, a bar kaza cikin gashinta. Mu hwaɗaɗa ramin, mu sa shi haka nan."

Na ce na yi wa Inna alkawari. Na koma wurin babur na ɗauko kayan aikina. Kusoshin ba su yi gardama ba.

Ba zan rubuta ba.

Likkafanin da na yanka da tsawona, ninka shi muka yi, muka sake ninkawa. Baffa ya juya baya ya zauna a kan tudun ƙasa. Na shiga ramin, Liman ya miƙo mini da hannu biyu. Na tsaya riƙe da shi ina duba ta ina ne dama, ta ina ne gaba. Na ɗaga kai na dubi Liman. 

"Aje shi, ɗana," ya ce. "Duk gehen da munka sa gabas, Allah ya san inda huskatai take."

Na ajiye. Ko rabin ramin bai kai ba. Muka jera itace, muka toshe da laka, muka tura ƙasa mu uku. Sai da muka kusa gamawa mutane suka fara fitowa daga cikin gero ɗaya-ɗaya, suna neman takalmansu, suna jin kunya. Akwatin da ba kowa a ciki yana nan jingine da bishiya. Ban san wanda zai ɗauke shi ba, ni dai ba zai shiga gidanmu ba.

Asabar, hantsi

Jiya ban shiga wurin Inna ba. Na ce wa Fiddausi kaina yana ciwo, na kwana a shago. Ta ce duk gudun da aka yi, Inna ba ta motsa daga bakin gadonta ba.

Yau da safe ta aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta. Ta rame har zobenta yana juyawa a yatsa. Na shirya amsoshi da yawa a hanya. Ba ta tambaye ni ko shi ne ba, ba ta tambayi inda aka same shi ba. Ta tambaya ko an fitar da shi daga akwatin, na ce da hannuna. Ta tambaya ko an sa masa likkafani, na ce sabo. Ta ja carbi kaɗan.

"Kun juya huskatai gabas?"

Na ce mun juya, Inna.

Ta dube ni. Na riƙe idona a nata, ban san ina da wannan ƙarfin ba. Sai ta ce alhamdu lillahi, Allah ya yi maka albarka, ta ɗora hannu a kaina. Ta ce wa Fiddausi ta shimfiɗa tabarmi, duk mai son gaisuwa ya shigo.

Ina zaure yanzu. Mata suna ta wucewa ciki. Ina jin su suna Allah ya jiƙan Ƙasimu, ina jin ta tana amin, amin, da murya sosai. Ɗazu ta fara kuka, irin wanda ya kamata ta yi tun ranar farko, matan suna cewa gara ta yi, zai fita.

Fiddausi ta leƙo ta ce in gode Allah, Inna ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.